Hayaƙin ƙona waya a Legas: gyaran yana kan sikelin dila

Duk wanda ya san bayan kasuwar Alaba da ke Ojo, ko gefen bolar Olusosun a Ojota, ya san baƙin hayaƙin nan mai shaƙe numfashi. Waya ake ƙonawa don a raba jan ƙarfe da robar da ta lulluɓe shi, kuma da yawan masu tsayawa a kan wutar yaranmu ne, 'yan bola jari da suka zo ci-rani daga Arewa.

Robar yawancin wayoyin nan PVC ce. Idan ta ci wuta sai ta fitar da iskar da ke zama asid da zarar ta taɓa danshin ido da maƙogwaro. Shi ya sa za ka ga yaro yana juya tulin da sanda, idanunsa jawur, yana tari. Akwai kuma gubar dayoksin mai haddasa kansa, ga dalmar da ke cikin robar tsofaffin wayoyi, wadda ke kwanciya a toka har ruwan sama ya kwashe ta zuwa kwata.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Tun 2011 hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin sharar kayan lantarki, jihar Legas ma tana da tata hukumar kare muhalli, LASEPA. Sai dai kame da kora ba sa kashe wutar, lungu kawai take sauyawa. A Accra ta Ghana an rushe Agbogbloshie, babbar kasuwar bola jari da ake ƙona waya a cikinta, a 2021, masu sana'ar suka watsu a wasu unguwanni da ashanarsu.

A ganina a wajen sikeli ya kamata a nemi bakin zaren. Babu mai ƙona kebur mai kauri in yana da hankali: da wuƙa ake feɗe shi, jan ƙarfen ya fito yana sheƙi, kuma ya fi wanda wuta ta baƙanta kuɗi. Matsalar ita ce sirarar waya, ta caja da kwamfuta da cikin mota. Sai ka wuni kana fere ta ba ka tara abin kirki ba. Muddin dila ya fi son tsurar jan ƙarfe, ko ya karya farashin mai roba, to shi ya tura yaron gindin wuta, ko da bai taɓa kyasta ashana ba.

Akwai injin da ke daddatsa waya ƙanana-ƙanana, sannan iska da girgiza su ware jan ƙarfe mai nauyi daga roba mara nauyi, robar ma a sayar. Mai tura baro ba zai iya sayensa ba, ga tsadar wutar lantarki da gas. Amma ƙungiyoyin dillalan kasuwannin Owode Onirin da Alaba Rago za su iya haɗa hannu, gwamnati ta ba da fili, kamfanonin da ke shigo da kayan lantarki su sa kuɗi ta ƙungiyar EPRON, wadda don tattara irin wannan shara aka kafa ta. Daga nan a sayi waya da robarta, a kan farashin da ya fi na ƙonanniya.

Wasu za su ce wannan zai sauƙaƙa wa ɓarayin wayar taransifoma da fitilun titi. Ni akasin haka nake gani. Kebur yana ɗauke da sunan masana'anta da girmansa a jikin roba, kuma wuta ce ke shafe wannan shaida. Dilan da ya karɓi waya da rigarta yana iya tambayar daga ina ta fito, 'yan sanda ma in sun zo suna da abin dubawa.