Akwatin saman mota da ya tozarta ni a Doba

Za mu je suna ne a Paris daga nan Ingila, Hajiya kuma, da ta zo mana daga Kano, ta rantse ba ta ƙara hawa jirgin sama sai ranar komawarta Kano. Shi ne na ce to mu ɗora motar a jirgin ruwa daga Doba ta Ingila zuwa Kale ta Faransa, awa ɗaya da rabi ce kawai a kan ruwa. Na sayi tikiti a intanet, fam 178 zuwa da dawowa, mota da mu bakwai a cikinta, na asuba don shi ya fi araha. Har gori na yi wa wani mutuminmu na garin Luton, na ce masu lissafi ke nan.

Ashe tikitin shi ne ɗan autan kashe-kashen kuɗin. Bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, Yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Lambar motata tsohuwa ce mai GB, kuma tun watan Satumban 2021 ba ta aiki a waje, sai an manna takardar UK a baya. Ga ledar da ake mannawa a fitilun gaba, saboda fitilar motar Ingila hagu take karkata, idan ka koma tuƙi a hannun dama sai ta riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ga alamar haɗari mai kusurwa uku, da riga mai ƙyalli wadda dole ta zauna inda hannun direba zai kai, ba cikin but ba. Ga takardar Crit'Air ta shiga Paris, mai nuna matsayin hayaƙin mota, ita a lokacin ba ta kai Yuro 5 ba, amma ta gidan waya take zuwa, don haka tun da wuri ake nema. Duk na yi, har takardar mallakar mota, V5C, na sa a leda.

Abu ɗaya na tsallake. A wajen sayen tikiti akwai inda aka tambayi tsayin mota daga ƙasa zuwa sama. Kowane kamfani da iyakarsa, wanda na bi mita 1.8 ce. Ford Galaxy ɗina mita 1.75 ce, na danna "ƙasa da haka" hankalina kwance. Daren tafiya uwargida ta ce kaya ba za su shiga ba, na je na aro akwatin nan na saman mota na ɗaura.

Mun wuce 'yan sandan Faransa lafiya, don su tun a Doba suke duba fasfo. Muka iso tagar karɓar tikiti. Yarinyar ta dubi kwamfuta, ta leƙo ta dubi saman motar, ta sake duban kwamfuta. Ta ce, nawa ne tsayin motarka? Na ce 1.75, da ƙarfina, kamar mai karanto lambar wayarsa. Ta ce har da wancan? Na ce wanne? Wallahi wanne na ce. Akwati baƙi wuluk, tsawonsa kamar makara, ni na ɗaure shi da hannuna jiya da daddare, amma na ce wanne. Har na leƙa ta taga na ɗaga kai sama wai ina nemansa.

Aka kira wani mai sandar awo. Mita 2.2. Na ce ai akwatin ba nauyi, katifar yara ce da su garin tuwo. Ya ce shi ba nauyi yake aunawa ba. Ƙananan motoci a wani bene mai gajeren rufi ake jera su, wadda ta ɗara iyaka sai dai a sama mata wuri a wajen manyan motoci, can kuma kuɗinsa daban. Sai na ji bakina yana cewa, to idan na sace iskar tayoyin fa? Mutumin bai ma amsa ba. Uwargida ce ta ce, "Maigida, don girman Allah ka rufa mana asiri." Hajiya tana kujerar baya tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, sai dai na ga carbin ya tsaya.

Amma wanda har yau nake riƙe da shi a raina wani tsohon Bature ne a layin da ke kusa da mu, mai jan gidan tafi-da-gidanka. Ba wanda ya kira shi. Ya sauko da gajeren wando da safa har gwiwa, ya zaro awon tela daga aljihu, ya sake auna motata da kansa. Ya ce ai 2.22 ce. Santimita biyu ya ƙara min, kyauta. Wa yake yawo da awo a aljihu da ƙarfe biyar na asuba? Ya zagaya baya ya ce takardar UK ɗina ta karkace. Sannan ya shaƙi iska ya ce yana jin ƙamshin nama, ko mun san tun Janairun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Kilishin Hajiya ne, wanda ta taho da shi don mai jego.

Ƙarin kuɗi kuwa da farashin ranar ake lissafa shi, ba na lokacin da ka saya ba, ga kuma ladan canza tikiti. Fam 124 na biya. Jirginmu babu sauran wuri a benen dogayen motoci, sai na gaba. A zaman jiran nan muka cinye kilishin, mu bakwai, ba ruwan kirki, yara suna hawaye saboda yaji.

A cikin jirgi an ce a ja birkin hannu, a bar mota a giya, a kashe ƙararrawar ɓarayi don tangaɗin ruwa yana tayar da ita, a kuma haddace lambar bene da launin matakala, tunda ba a barin kowa ya koma wajen mota sai an iso. Duk wannan na yi daidai, ba wanda ya yaba.

Daga Kale zuwa Paris kusan kilomita 300 ne, kuma hanyar ta kuɗi ce. Na'urar biya a hagu take, ni kuwa sitiyarina a dama, don haka uwargida ce mai miƙa kati, kuma kullum sai ta ce na tsaya da nisa. Ga agogon Faransa ya riga namu da awa ɗaya, shi ma ban sa a lissafi ba. Mun tarar an ci an watse.

Akwatin yana nan a gareji. Mai shi ya ce na fasa masa makulli, ni kuma na san a haka ya ba ni.