Ranar da Corvette ta kulle ni a Kornish

Tunda Dogo ya riga ya watsa bidiyon a guruf, gara ku ji daga bakina, don abin da yake ba ku rabi duk ƙari ne.

Kun san jar Corvette ɗin ɗan maigidana, ƙirar 2015, wadda ke kwance a gareji tun da yaron ya koma karatu Amurka. Wata uku ba wanda ya taɓa ta. Ranar Juma'a bayan la'asar Madam ta miƙo min rimot ta ce in kai ta wanki, yaron na hanya. Wajen wankin bai fi minti biyar daga gida ba. Yadda aka yi na tsinci kaina a Kornish, bakin tekun Jidda, kuma sanye da farar jallabiyata ta sallah ina ƙamshin turaren ud, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Tun tashin farko sai da ta yi wani nishi kafin ta kama, da mai hankali ne da tun nan ya gane, amma mutumin da ya shekara tara yana jan motar kai yara makaranta ka ɗora shi a kan V8 mai lita 6.2, ina ya ga ta hankali. Na kira su Dogo na ce mu haɗu inda ake kallon nafurar Sarki Fahad. Da na isa sai na tuna ita fa fetur mai lamba 95 take sha, riyal 2.33 lita, kuma allurar mai ita za ta tona min asiri a gida, sai na kashe inji na bar kiɗa da fanka da fitilu, duk sanda ta ɗauke in sake dannawa. Gilashi a rufe ruf, don so nake in sun iso in zuge shi a hankali kamar wani ɗan sarki.

Suka iso. Na danna maɓallin gilashi, ya yi kamar zai motsa ya fasa. Na taka birki na danna na tashi, ƙar ƙar ƙar, allon gaba ya yi walƙiya. Na sake, na sake, har ƙarar ma ta daina. Na ce to bari in fita. Jama'a motar nan ba ta da hannun ƙofa irin wanda muka sani, wani ɗan maɓalli ne, shi ma da batir yake aiki. Na danna shiru. Na danna da babban yatsa, na danna da yatsu biyu, na yi bismillah na danna, shiru.

Wanda bai san Jidda a watan Agusta ba ba zai gane ba. Kafin minti uku jallabiyar nan ta manne min a jiki har singileti ana gani, gilashi ya yi raɓa daga ciki, ga mota ƙasa-ƙasa kamar kana zaune a tabarma, duk wanda ya zo wucewa sai ya sunkuyo ya leƙo ni kamar kifi a kwalba. Da farko ina ta maza, na kanga waya a kunne kamar ina magana mai muhimmanci, ina ɗaga wa su Dogo hannu alamar ku ɗan jira. Wlh wayar ma cajinta 4 ne. Da numfashi ya fara yi min wuya sai na ajiye girman kai na fara bugun gilashi da tafin hannu. Dogo yana cewa na yi kuka, ban yi kuka ba, gumi ne. Kalmar shahada kam na yi, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

Wata Hajiya mai sayar da gyaɗa da ruwan sanyi a gefen titi, Bakatsiniya ce daga jin harshenta, ita ta fara tasowa tana salati, "Ɗan nan me ya kai ka? Ku fasa gilashin mana kar yaron mutane ya mutu!" Ina jin an ce a fasa na manta da mutuwa, na shiga girgiza kai ina haɗa hannu ina roƙo, don gilashin nan kaɗai ya isa ya cinye albashina na ban san wata nawa ba. Sai jikanta, yaro bai fi shekara goma sha ɗaya ba, irin haihuwar nan da Hausarsu ta karye, ya manna fuska a gilashi yana nuna ƙasa yana ihu "Is-hab! Is-hab ya ammi! Ka ja!" Na ja bel. Ya dafe kai. Na ja abin gyara kujera. Mutane suka kwashe da dariya har da wasu Larabawa da iyalansu da suka shimfiɗa darduma suna shan gahawa. Ashe a ƙasa gefen kujera ta wajen ƙofa akwai wani ɗan hannu da hoton ƙofa a jikinsa, tun ɗazu yana dab da ƙafata. Ina ja ƙofa ta buɗe, na fito da rarrafe, takalmi ɗaya a ciki. Yaron ya ce a YouTube ya gani.

Duk wannan abin Dogo yana tsaye da waya. Mutumin da na karɓa a ɗakina a Hindawiyya wata huɗu bai taɓa sayen ko burodi ba, mutumin da har yau riyal ɗari uku na na sabunta igamarsa, wato takardar izinin zama, suna wuyansa tun 2019, in na yi magana ya ce "Haba ɗan'uwa, ai ba a haka." Ko ruwa bai miƙo min ba, Hajiya ce ta ba ni. Kuma da ya gama ɗauka sai ya gyara tsayuwa wai shi ya yi gyaran mota a Panteka, a tura ta kawai za ta tashi. Motar da giyarta otomatik ce! Ya tara yara har sun dafa bayanta. Wannan mutumin ko keke aka ba shi sai ya cire sarka, kun tuna abin da ya yi wa injin wankin Kawu, ba sai na maimaita ba.

Allah ya kawo wani Basudane mai Camry da wayar ishtirak, ta jona batir da batir, a but ɗinsa. Muka buɗe bonet, wanda shi ma ta baibai yake buɗewa, mu biyar muka zura kai muna neman batir, babu. Dogo ya ce ƙila an sace. Yaron nan dai ya sake zuwa ya karɓi rimot a hannuna ba ko sallama, ya zaro wani ɗan makulli daga cikinsa, ya durƙusa wajen lambar baya ya buɗe but, ya ɗaga kafet ta dama, ga batir. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, Basudanen ya bar Camry tana aiki kusan minti goma yana ce min "Ya zol, zafin garin nan batir shekara biyu ne, balle an ajiye mota." Ta tashi da wani gurnani har Hajiya ta ja da baya. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce kar in kuskura in kashe ta sai na yi tafiya mai nisa.

Haka na yi ta zagaye titin Malik har bayan isha'i, man da nake tattali ya tafi, na zuba na riyal hamsin daga aljihuna. Wanki kuma ban samu ba sai washegari da sassafe. Madam ta tambayi me ya sa agogon motar ya sauya, na ce ai haka suke yi. Batir dai an canza shi ranar Lahadi, kuma ni aka yaba wa da na lura ya yi sanyi.

Kuɗin ruwan Hajiya ma ban biya ba, in wani zai bi ta wajen ya faɗa min. Dogo kuma ka goge bidiyon nan, ko aƙalla ka cire wajen takalmin.