Rabaran Hale bai fara da mugunta ba

Masu karanta wasan kwaikwayon The Crucible, wanda Arthur Miller ya fitar a 1953 kan shari'ar maita ta garin Salem na Amurka a 1692, sukan ce Rabaran Hale mugu ne da ya shiryu daga baya. Wannan fahimta ta yi gajarta.

Hale, malamin coci da aka gayyato don binciken maita, ya shigo Salem daga garin Beverly rungume da manyan littattafai, da zuciya ɗaya, yana ganin ilminsa zai bambance maye da mai gaskiya. Yarda da kai ce ta kai shi ta baro. Sai da ya sa hannu a takardun kisa 72, da bakinsa ya faɗa, sannan ya gane cewa Abigail, yarinyar da ke jagorantar zargin mutane da maita, da ƙawayenta ƙarya suke shararawa, ya fice daga kotun a fusace.

To, da ya dawo a kashi na huɗu me ya kawo? Roƙon waɗanda za a rataye yake yi su amsa laifin da ba su aikata ba, don su tsira da rai. Malamin addini ke nan yana koyar da ƙarya. A ganina wannan karaya ce ta mai nadama, da wuya a kira ta shiriya kai tsaye.

Haka ma Elizabeth Proctor, matar da mijinta John Proctor ya shaida ba ta ƙarya: ƙaryar da ta yi a kotu don rufa masa asirin zinarsa da Abigail ita ta rusa shaidarsa, domin shi da kansa ya riga ya amsa zinar a kotun don tona asirin Abigail. John Proctor kuwa ya sa hannu a takardar amsa laifi, ya yage ta, aka rataye shi. Alƙali Danforth ne bai gusa ko taku ɗaya ba.