"Ai ya amsa da bakinsa"

Duk ranar da aka yi holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, aka zube su a ƙasa ba riga, ga adduna da wuƙaƙe a gabansu, ku saurari abin da muke faɗa a majalisa da nan Facebook. "Allah Ya ƙara tona asirinsu." "A kashe su kawai, kai su kotu ɓata lokaci ne." In wani ya yi ƙarfin halin cewa a bi a hankali, sai a rufe masa baki da magana ɗaya: ai sun amsa da bakinsu. To ni wannan amsawar ce ta fi komai ba ni tsoro a harkar shari'ar ƙasar nan.

Kada wani ya ce ina kare 'yan Kalare. Duk mazaunin Gombe ya san abin da suka yi wa garin nan, kamar yadda mutanen Bauchi suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan Sara-suka. Wanda ya sari ɗan mutane saboda waya, a hukunta shi. Amma ranar da aka ɗaure wanda ba shi ya yi ba, mai laifin yana nan a bakin layi yana shan shayi, kuma ya samu tabbacin ba mai nemansa har abada.

Ku duba yadda ake samun amsawar. An yi faɗa a unguwa da dare, gari na wayewa aka kawo samame, aka kwashi duk saurayin da aka tarar. Ɗan mai hali, kafin azahar an yi waya, ya koma gida. Ɗan talaka ya kwana. Can cikin dare a fito da shi, abin da zai faru a ɗakin nan kowa ya sani, sai dai mu yi kamar ba mu sani ba. Daga nan wani ya ɗauki biro ya rubuta bayani da Turanci, a kama yatsan yaron da ko firamare bai gama ba a dangwala. Shi da Hausa ko Fulatanci ya yi magana, bai san me aka rubuta ba. Wannan 'yar takardar ita za ta bi shi shekara da shekaru.

Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu kotu a kan ɗanta. Ta sayar da keken ɗinkinta ta ba wani da ya ce zai "gyara maganar", kuɗin suka bi ruwa. Da aka karanta bayanin da aka ce na yaron ne, tafinta ya juya masa da Hausa, sai ya waiwayo ya dubi uwar ya ce, "Inna, wallahi yau na fara jin wannan maganar." Ita kuma ta riƙo hannuna tana tambaya, "Malam, me alƙalin ya ce?" Alƙali bai ce komai ba, ɗage zama ya yi, don mai gabatar da ƙara bai zo da fayil ba.

Abin takaicin, ba doka ce babu ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma yana da haƙƙin ɗaukar lauya, da na samun tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar Shaida ta 2011 ta ce amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa ba ya karɓuwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta kawo batun ɗaukar bayanin a bidiyo ko a gaban lauya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba. Duk suna nan a rubuce. Amma kuma kotu na iya ɗaure mutum da amsa laifinsa kaɗai in ta gamsu da son ransa ya yi, ko da ya janye daga baya. Wa zai nuna mata ba da son rai ba ne? Yaron da ba shi da lauya, wanda tabon jikinsa ya warke tun bara?

Moses Akatugba yana ɗan shekara 16 aka kama shi a jihar Delta a 2005, a kan fashin wayoyi. Ya ce azaba aka gana masa har ya sa hannu a takardun amsa laifi. A 2013 aka yanke masa hukuncin kisa, sai a 2015 Gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa bayan duniya ta yi ca. Shi ya ci sa'a an ji labarinsa. Nasiru Bello kuwa, a jihar Oyo, an zartar masa da hukuncin kisa a 1981 alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurara ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka. Ta faɗi gaskiya, amma mutumin yana kabari.

Ga kuma waɗanda ba a ma yanke musu hukuncin ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Dabarar sananniya ce: a rubuta wa mutum fashi da makami, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, ita kuma ta ce a tsare shi sai shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Shawarar ta yi wata shida, ta yi shekara, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. A 2019 an sauya wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali, ban san wane hali ake gyara wa wanda ba a tabbatar ya ɓata ba. In an yi dace, babban jojin jiha ya kai ziyara ya sallame shi, a ce masa ya je ya zama mutumin kirki. Ba diyya, ba ko ban haƙuri, matarsa ta tafi, shagonsa ya mutu, unguwa kuma ta riga ta sa masa suna.

Mu da muke karanta Suratu Yusuf, ina mamakin yadda muke gaggawar yarda cewa duk wanda ke kurkuku mai laifi ne. Annabin Allah ya yi shekaru a ciki a kan ƙage. A fiƙihun da muka taso a kai, hujja tana kan mai ƙara, ana kawar da haddi da shubuha, kuma iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Hatta a nan Arewa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce ta soke, a 2002, hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Hussaini a jihar Sakkwato.

Abin da nake nema bai kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba. Kowane jami'i yana da waya mai kyamara a aljihu, a wajabta ɗaukar duk wani amsa laifi a bidiyo, da harshen da mutum ya yi magana, alƙalai kuma su ƙi karɓar wanda ba a ɗauka ba. Majistarori su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane kowane wata kamar yadda dokar 2015 ta ce. A ƙara wa Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ma'aikata, a kai su har Dukku da Nafada da Ɓalanga, ba cikin Gombe kaɗai ba. Wanda kuma aka kama masa ɗa yau, kafin ya kai wa ɗan kamasho ko sisi, ya fara neman lauya tun yaron bai dangwala yatsa ba.