Saɓanin ranar Diwali ba rashin tsari ba ne

Wani labari da aka wallafa ya ce a shekarar 2024 mabiya addinin Hindu a Indiya sun rabu kan ranar Diwali, wato bikinsu na kunna fitilu, wasu suka ɗauki 31 ga Oktoba, wasu kuma 1 ga Nuwamba, amma bai faɗi dalili ba, har mai karatu zai zaci lissafinsu na hargitse ne. Wannan bai yi musu adalci ba.

A kalandarsu ana raba wata gida 30, kowane gida ana kiransa tithi, kuma tithi yana cika ne idan tazarar da ke tsakanin wata da rana ta ƙaru da digiri 12. Da yake tafiyar wata ba ta da gudu ɗaya, tithi yakan gaza yini guda ko ya zarce shi, yana kuma iya kamawa da tsakar rana. A waccan shekarar tithin duhun wata, wanda a cikinsa ake bikin Diwali, ya fara da yammacin 31 ga Oktoba, ya kai har yammacin washegari, shi ya sa malamansu suka saɓa kan daren da za a kunna fitilu.

Mu da muka saba da azumi yana zagaya damina da hunturu za mu lura cewa Diwali ba ya barin Oktoba ko Nuwamba, domin kusan duk bayan shekara uku suna ƙara wata na 13 don shekarar wata ta riski ta rana. Ya kamata marubucin ya yi wannan bayani tun farko.