Komai aka gani sai a ce AI ne, haba jama'a

Gaskiya abin nan ya ishe ni. Bidiyon 'yan matan Japan ɗin nan da yake ta yawo tun shekaranjiya, kun dai gan shi, wanda su uku suke rawa kamar a dandamali ɗaya alhali ɗaya tana Tokyo ɗaya tana Landan ɗaya tana New York, wani bawan Allah mai mabiya da yawa ya ɗauko shi ya manna ya rubuta a sama wai ku ga yadda AI ke yaudarar mutane, jama'a kuma suka bi shi ɗuu, kowa na cewa ai daga gani haɗi ne. Haɗin me? A watan Nuwamban 2017 aka yi abin nan, kai tsaye aka watsa shi duniya tana kallo, shekara biyar cur kafin ChatGPT ya fito. Mutane ne suka yi shi. Mutane masu jini da tsoka, masu gumi, kuma raina aikinsu da aka yi shi ne ya ɓata min rai.

Sunan ƙungiyar Perfume, 'yan Hiroshima ne, A-chan da Kashiyuka da Nocchi. Kamfanin waya na Docomo ne ya shirya gwajin lokacin yana ta ƙoƙarin nuna wa mutanen ƙasar abin da 5G zai iya, don a lokacin ma ba a fara sayar da shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka buɗe shi ga jama'a a Japan. Wanda ya ce ai wannan kiran bidiyo ne kawai aka yi wa kwalliya, wallahi bai san me yake faɗa ba. Ka tuna ranar da ka kira ɗan'uwanka da ke Saudiyya a WhatsApp, ka yi magana shi ma ya yi magana kuka yi karo, ka yi shiru shi ma ya yi shiru, sai kana ji na, ina jin ka, kai fa kana ji na. Wannan ɗan jinkirin da ke hana ku gaisawa cikin daɗi, shi ne babban abokin gabar duk mai son haɗa kiɗa daga wurare biyu. A hira ana iya haƙuri da shi. A rawa ba a iyawa, don idon mai kallo yana kama hannun da ya makara ko da ƙiftawa ce.

Kuma jinkirin nan ba wai lalacin kamfani ba ne, haka Allah ya yi duniyar. Haske a cikin wayar gilashin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga Tokyo zuwa Landan ya haura kilomita 9,000, zuwa New York kuwa ya kusa 11,000, ka ga ko da a miƙe wayar take sai saƙo ya ci kusan kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa kafin ya isa, kuma ba a miƙe take ba, zagaye take yi, sannan ga lokacin da kyamara ke ci wajen dunƙule hoton, ga na na'urar da za ta warware shi a ɗaya ɓangaren, kowanne gari da nasa jinkirin daban. Aikin injiniyoyin shi ne su sa wa kowane hoto da kowane sauti alamar lokaci, wanda ya riga isowa a riƙe shi ya jira 'yan'uwansa, sannan a sake su tare. Wannan aiki ne babba, na yarda, kuma shi ma mutane ne suka zauna suka yi shi da ƙwaƙwalwarsu.

Amma ga inda nake so a tsaya a gane. Injiniya zai iya daidaita lokacin hoto uku. Ba zai iya daidaita hannun da aka ɗaga a makare ba. In Nocchi ta juya kai kafin lokaci, ko Kashiyuka ta taka ƙafa ba daidai ba, netwok ɗin nan mai tsada ba abin da zai yi illa ya kai kuskuren tsaf yadda yake, duniya ta gani. Kowacce ita kaɗai take a garin da aka kai ta, ba 'yar'uwarta a gefe da za ta ji numfashinta ko ƙarar takalminta, ga bambancin lokaci, Tokyo tana gaban Landan da awa 9, tana gaban New York da awa 14, wata dare ya yi mata wata ko rana ba ta ɗaga ba, amma aka haɗa hoton suka fito kamar jiki ɗaya. Wannan daga ina ya zo? Daga shekarun da suka yi suna rawa tare tun suna 'yan firamare da farkon sakandare a makarantar koyon waƙa da rawa ta Hiroshima, a hannun malamarsu MIKIKO wadda har suka girma ita ce ke tsara musu rawa. Sun yi shekarun da ba wanda ya san su, suna waƙa a ƙananan wurare suna raba takardar talla da hannunsu a Tokyo, sai a 2007 suka samu karɓuwa, a 2010 suka cika katafaren filin wasa na Tokyo Dome. Kuma a kan takalmi mai tsini suke wannan rawar. Sai kai ka zo kana kwance a kan katifa ka rubuta AI, ka share duk wannan da harafi biyu. Ba adalci a ciki.

Na san abin da za a ce. Wai ai muryarsu ta sha gyaran kwamfuta, wai a fili ma wani lokacin sautin da aka naɗa ne ke tashi. To sai me? Ba wanda ya ɓoye wannan, salon kiɗansu ke nan tun da Nakata Yasutaka ya karɓi aikin haɗa musu waƙa a 2003. Mu da a fina-finanmu jarumi ke motsa baki wani mawaƙin daban ne ya rera a sutudiyo, muryar ma ta sha otocun har tana rawa, kuma muna kallo muna jin daɗi, mu ne za mu yi wa wani gorin gyaran murya? Ni maganar rawa nake, kuma rawar ba a naɗe take ba.

Wani kuma zai ce ai talla ce kawai. Eh talla ce, kamfani ba ya kashe irin wannan kuɗin don Allah da Annabi. Amma tallar da za a yi kai tsaye, in waya ta katse kowa ya ga kunyarka, ta fi min tallar da ake zuwa a ɗora allo a titi a rubuta gudun walƙiya alhali kai hoto ɗaya ka kasa turawa. Wanda kuma ya ce shi bai kallon rawar mata, wannan ra'ayinsa ne kuma ina girmama shi, ya wuce abinsa lafiya lau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya ce ƙarya ce. Rashin son abu daban, ƙaryata shi daban, kuma musulmi ya fi kowa sanin hukuncin yaɗa labarin da bai tabbatar ba.

Kuma ba su tsaya a 2017 ba. A baje kolin duniya na Osaka da aka yi daga Afrilu zuwa Oktoban 2025, NTT, uwar kamfanin Docomo, ta sake ɗauko su don gwada sabon tsarinta da take kira IOWN, wanda saƙo ke tafiya a matsayin haske tun daga farko har ƙarshe ba tare da ana ta juya shi zuwa lantarki a hanya ba, don wannan juye-juyen yana cikin abin da ke cin lokaci da wuta. Suka yi wasa a filin tsohon baje kolin 1970 da ke Suita, aka turo hotonsu rumfar NTT a tsibirin Yumeshima inda ake sabon baje kolin, mutane suka sa tabarau suna ganinsu kamar a gabansu, har girgizar takunsu a dandamali aka ɗauko aka sa daɓen rumfar yana motsi a ƙarƙashin ƙafar 'yan kallo. Ka duba fa, duk wannan kuɗin da wannan ilimin, me ake wahalar ɗaukowa? Takun ƙafar mutum. Da kwamfuta za ta iya ƙirƙiro abin da kanta ya gamsar, da ba wanda zai sha wahalar jan waya don ya kwaso na gaske. Kai ko mawaƙiyar nan Hatsune Miku, wadda ita ce zanen kwamfutar ta ainihi da kamfanin Crypton na Sapporo ya fitar a 2007, muryar wata mata ce Fujita Saki aka naɗa aka gina ta da ita, waƙoƙinta mutane ne ke rubutawa, in an zo wasanta kuma makaɗa ne masu rai ke tsaye da jita da ganga. Duk inda ka tona mutum za ka tarar.

Tsorona shi ne wannan ɗabi'ar ta komai AI ba a kan 'yan Japan za ta tsaya ba. Gobe yaronmu zai kwana yana zane, ko yarinya ta yi wata guda tana haddar waƙen da ta rubuta, su ɗora, a zo a ce ai na'ura ce ta yi. Na ga an fara yi wa masu zanenmu haka, kuma ba abin da ke kashe wa mai sana'a gwiwa irin a ce ba shi ya yi ba.

Af, wani abin ma da ya tsaya min a rai, duk waɗanda na gaya wa 'yan Hiroshima ne sai su ce garin da aka jefa wa bam? Shikenan abin da muka sani game da garin, Agustan 1945. Alhali birni ne mai mutum sama da miliyan ɗaya yanzu, a yankinsa hedikwatar Mazda take, motar da muke hawa kullum a tasha, kuma wannan makarantar rawar tasu ita ce dai ta yaye babbar mawaƙiyar Babymetal, wata ƙungiyar mawaƙa mata ta Japan, waɗanda su ma MIKIKO ce ke tsara musu rawa, MIKIKO ɗin ce kuma aka ba tsara rawar ɓangaren Japan a bikin rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016, ranar da firaministansu na lokacin, Abe, ya fito da hular Mario na wasan kwamfuta.