Allurar da Aka Yi wa Inna da Ciki Ba Abinci

Shekara 11 ke nan Inna tana fama da ciwon suga, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa leƙa bakin kabari a ɗakinta ba kamar yadda ta leƙa a kan gadon asibiti, wurin da muka kai ta don a ceci ƙafarta. Har yanzu in na tuna daren nan sai jikina ya ɗauki rawa.

Garwashin kasko ne ya ƙone ta a yatsa lokacin sanyi, ba ta ma ji ba, don ciwon ya riga ya kashe mata jijiyoyin tafin ƙafa. Kafin mu farga ya zama gyambo. Likita ya ba ta gado, ya ce ƙwayoyi ba za su iya da sugan ba, sai allurar insulin, maganin da ke saukar da suga a jini, safe da yamma. Muka sayo insulin, muka sayo sirinji, auduga, safar hannu, har filasta. Ba mu yi ƙorafi ba, kowa ya san haka kwanciya take yanzu.

Kwana na uku, ana gab da magariba, nas ta zo da tirenta ta soka wa Inna allura a ciki ta wuce. Ba ta gwada suga ba. Ba ta ce "Hajiya, kin ci abinci?" ba. Irin insulin ɗin da aka rubuta mata kuwa, ƙa'idarsa a ci abinci cikin minti 30 da yin sa. Tuwon Inna yana bakin ƙofa a hannun ƙanena, masu gadi sun hana shi shiga wai lokacin ziyara ya wuce. Da na sauka na karɓo, zuciyarta na tashi, loma biyu ta yi ta ture kwanon. Ni kuma a lokacin ban san wannan abin tsoro ba ne, don ba wanda ya taɓa gaya mini.

Wajen ƙarfe 11 na dare na ga zufa ta jiƙa mata zani sharkaf, ga sanyin hunturu ana yi. Hannunta na karkarwa, tana kiran sunan Baba da ya shekara 6 da rasuwa. Na ruga teburin ma'aikata.

"Sista, don girman Allah ki zo ki duba Innata, ba ta cikin hayyacinta."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malama, ni kaɗai ce a ɗakin nan gaba ɗaya. Ruɗin tsufa ne, je ki yi mata addu'a ta yi barci."

Ruɗin tsufa! Mai ciwon suga, an yi mata insulin, tana zufa tana sambatu, a ce ruɗin tsufa? Wannan fa shi ne abin farko da ake koya wa ɗalibar jinya: zufa mai sanyi, rawar jiki, jiri, surutai, to suga ya faɗi har sai gwaji ya ƙaryata. Da na matsa, sai ta ce tsinken gwaji ya ƙare a ɗakin. Wata baiwar Allah mai jinyar mijin yayarta a ɗakin maza, da muka saba a wurin ɗibar ruwa, ita ta ara mini na'urarta ta gwada suga. Lamba ta fito 38. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 an shiga haɗari, ƙasa da 54 kuwa ƙwaƙwalwa ce ke fara rasa abincinta. Da an kama shi da wuri, babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, kimanin giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15, shi ke nan. Amma an bari har Inna ba ta iya haɗiya, dole sai ruwan gulukos ta jijiya. Shi ma babu a kabad ɗin gaggawa. Aka rubuta mini takarda, na bi duhu zuwa wurin biyan kuɗi, na buga taga har mai karɓar kuɗi ya farka, sannan wurin magani. Uwata tana can ranta yana fita, ni ina nan ina neman canji.

Da aka ɗura mata, ba a yi minti 10 ba ta buɗe ido ta ce, "Wa ya jiƙa mini zani?" Na durƙusa a gefen gadon na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne washegari. Wata nas ta shigo da safe da sirinji a hannu, adadin jiya bai ragu ba, za ta soka. Na tare hannunta na ce sai an gwada, sai kuma likita ya ji abin da ya faru. Ta buɗe fayil, ba ko layi ɗaya a kan daren jiya. Wato da barci ya ɗauke ni, da an maimaita. Ta kuma harare ni ta ce in na fi su sanin aiki in ɗauki uwata mu tafi gida.

Na san ma'aikatan jinya suna shan wahala, ba makauniya ba ce ni. Na ga mace ɗaya tana zagaya gadaje fiye da 20 da fitilar waya. Na ji hukumar da ke yi musu rajista da kanta ta ce sama da 15,000 ne suka bar Najeriya a 2023 kaɗai. Laifin masu riƙe da asibitin ya fi na nas ɗin nan girma, su da suka bar ɗakin masu ciwon suga ba tsinken gwaji, ba gulukos. Amma tambayar "kin ci abinci?" ba ta buƙatar kasafin kuɗi. Rubuta abin da ya faru a fayil ba ya jiran gwamnati.

Ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a yi allura a juya baya. Jinyarsa agogo ce da ido: yaushe aka yi allura, yaushe aka ci, nawa na'ura ta nuna. Shi ya sa a 2020 aka sadaukar da Ranar Ciwon Suga ta Duniya, 14 ga Nuwamba, ga ma'aikatan jinya. Tun 1921 aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, fiye da shekara 100 ke nan, amma har yau a asibitinmu ana soka shi kamar maganin ciwon kai.

Ranar sallama aka miƙo mana kwalbar insulin da takarda, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba wanda ya ce kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. Ba wanda ya ce wadda aka buɗe kada ta wuce wata guda. Wutar ma ina take? Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ita ta nuna mini yadda zan ƙulle kwalbar a leda in ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, in murza kwalbar insulin mai farin ruwan a tafin hannu ba girgizawa ba, in riƙa sauya wurin allura don kada fata ta yi ƙullutu. Ita ta ce mu duba tsakanin yatsun Inna kullum.

Yatsan dai an yanke shi. Jibi za mu koma wankin ciwo a wannan asibitin, don ba mu da kuɗin wani. Na sayi na'urar gwaji da kuɗin adashena, na ƙulla sukari a bakin mayafi, kuma duk wadda ta nufo Inna da sirinji sai ta fara gaya mini lambar da ta gani.